Bayan Bob Marley, sai wa? Jagorar faɗaɗa taskar waƙoƙin rege

Idan ka leƙa wayar yawancin masu cewa suna son rege, abin da za ka tarar bai wuce kundin Legend na Bob Marley ba, da waƙoƙin Lucky Dube biyar ko shida, da wata guda ta Alpha Blondy. Babu laifi a wannan. Legend ya fito a 1984, shekara uku bayan rasuwar Marley, kuma shi ya shigar da miliyoyin mutane gidan rege. Sai dai zaure ne, gidan yana ciki. Mutumin da ya ji daɗin zauren har yake son shiga, tambayarsa guda ce: daga nan ina zan nufa? Amsata ita ce ka rage bin sunan mawaƙi, ka koma bin sawun wanda ya haɗa kiɗan da ɗakin da aka naɗe shi. A Jamaika, furodusa da situdiyo su ke riƙe da ragama. Mawaƙi yakan yi wa wannan waƙa biyu yau, gobe ya tsallaka titi ya yi wa wancan uku. Wanda ya gane haka, ko'ina ya ja zare sai wata taska ta buɗe masa.

Mataki na farko: gyara kunne, gyara ajiya

Kafin ka ƙara waƙa ko guda, nemi abin saurare mai fitar da amon bas. Lasifikar waya ba ta iya wannan aiki. A rege, jitar bas ce ke ɗauke da karin waƙar, ganga tana dafa mata, sauran kayan kiɗa ado ne. Wanda ya saurari rege ta bakin waya, rabin waƙar bai iso kunnensa ba. Abin sawa a kunne mai kyau, ko sifika madaidaiciya mai katako, ya isa.

Sannan ka buɗe littafi ko takarda a waya mai layi huɗu: mawaƙi, shekara, furodusa, situdiyo. Ka cike wa duk abin da kake da shi. Shafin Discogs zai nuna maka bayanan da ke bayan kusan kowane faifai. Idan a wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa ka samo naka, za ka ga an jingina wa Bob Marley waƙoƙin da ba nasa ba, don duk muryar da ta yi kama da rege sunansa ake liƙa mata. Gyara sunayen tun yanzu.

Mataki na biyu: ƙarasa gidan Wailers

Wailers ita ce ƙungiyar da Marley ya taso a cikinta, kuma su uku ne jigoginta: Bob Marley, Peter Tosh da Bunny Wailer. Ka nemi Catch a Fire da Burnin', dukansu na 1973, inda muryoyin uku suke tare. Game da Catch a Fire akwai abin lura. Chris Blackwell na kamfanin Island ya ƙara masa jita da wasu kaɗe-kaɗe a Landan don ya shiga kunnen Turawa. Bugun da aka sake fitarwa a 2001 ya haɗa da ainihin naɗin Jamaika, wanda ba a taɓa ba. Saurari biyun a jere. Wannan shi ne darasin farko na sanin aikin furodusa: waƙa ɗaya, murya ɗaya, amma tufafi daban.

Daga nan ka koma baya zuwa abin da suka yi da Lee Perry a 1970 da 1971, wato Soul Rebels da Soul Revolution. Ni a ganina nan ne muryoyinsu suka fi tsirara da gaskiya. Bayan sun rabu, kowa ya fitar da nasa. Na Peter Tosh, Equal Rights na 1977 ya fi komai kaifi. Na Bunny Wailer, Blackheart Man na 1976, kundi ne mai natsuwa da ba ya gundura. Na Marley kansa, in Legend kawai ka sani, nemi Natty Dread na 1974 da Survival na 1979, wanda Afirka ce zuciyarsa.

Kana saurare, ka sa kunne ga 'yan'uwa biyu da ke bayan fage: Aston Barrett a bas da Carlton Barrett a ganga. Salon bugun Carlton, inda yake barin bugu na farko fayau ya sauke nauyi a na uku, shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada sauran makaɗa da shi.

Mataki na uku: san ɗakuna huɗu na Kingston

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Studio One na Clement Dodd, wanda ake kira Coxsone, an buɗe shi a 1963 a lamba 13 a titin Brentford. Kusan duk wani babban suna ya bi ta nan yana yaro: Wailers, Burning Spear, Dennis Brown, Heptones, Alton Ellis, Marcia Griffiths, Sugar Minott. Makaɗan gidan, irin su Jackie Mittoo mai kiɗan piyano da ogan da Leroy Sibbles da ya haɗa waƙa da kaɗa bas, su suka ƙirƙiro karin da har yau ake maimaitawa. Sautin Studio One yana da ɗan duhu da ɗumi, kamar an naɗe shi a ɗakin ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta shiga ita ce jerin tarin waƙoƙin da kamfanin Soul Jazz na Landan yake fitarwa da sunan Studio One. Fara da Studio One Rockers.

Abokin hamayyarsa shi ne Duke Reid, tsohon ɗan sanda, mai Treasure Isle a titin Bond. Shi ya mallaki zamanin rocksteady, tsakanin 1966 da 1968, lokacin da kiɗan ska mai gudu ya lafa, bas ya fito gaba, aka ba murya fili. Paragons, Techniques, Phyllis Dillon da Alton Ellis duk sun yi masa waƙa, ƙungiyar Tommy McCook tana kiɗa. Idan kana son waƙar soyayya mai taushi da haɗin muryoyi uku, a nan za ka tare. Shekarun kaɗan ne, amma ban san wani zango a tarihin kiɗan Jamaika da ya fi shi daɗin ji da daddare ba.

Na uku shi ne Black Ark, ɗan ɗakin da Lee Perry ya gina a bayan gidansa a unguwar Washington Gardens. Na'urarsa mai layi huɗu ce kawai, amma ya riƙa tara sauti kan sauti har kiɗan ya zama kamar ana jiyo shi daga ƙarƙashin ruwa. Kundi huɗu za su nuna maka ko wane ne shi: War Ina Babylon na Max Romeo da Super Ape na Perry kansa, duka a 1976, sai Police and Thieves na Junior Murvin da Heart of the Congos, duka a 1977. Wannan na ƙarshen, idan aka ce in zaɓi kundin rege guda in ba wanda bai taɓa wuce Marley ba, shi zan miƙa. Siririyar muryar Cedric Myton tana sama, ta Roy Johnson tana tsakiya, kiɗan yana malala a ƙasa. Island ba su fitar da shi ba a lokacin, sai ya yi shekaru yana yawo a bugu marasa kyau. Nemi wanda kamfanin Blood and Fire ya gyara ya fitar a 1996.

Na huɗu, Channel One na gidan Hoo Kim a titin Maxfield. Sautinsa akasin na Perry ne: tsaf, a bushe, ganga tana tsawa. A nan Sly Dunbar ya shahara da bugun da ya fi na Carlton Barrett zafi da yawan taku, kafin shi da Robbie Shakespeare su zama tagwayen da suka kaɗa wa rabin duniya. Right Time na Mighty Diamonds, 1976, shi ne ƙofar.

Ka ba kowane ɗaki mako biyu. Kada ka gauraya su. Bayan wata biyu, waƙar da ba ka taɓa ji ba za ta taso, ka ce wannan daga Channel One ta fito, kuma ka dace.

Mataki na huɗu: shekarun saiwa

Tsakanin 1975 da 1980 aka yi mafi yawan abin da ake kira rege na saiwa, mai maganar talauci, bauta, zalunci da komawa Afirka. Bayan waɗanda na ambata, akwai kundin da bai kamata taska ta rasa ba. Marcus Garvey na Burning Spear, 1975, wanda Jack Ruby ya haɗa: muryar Winston Rodney, wato Burning Spear kansa, tana maimaita kalma kamar mai wa'azi, ƙahoni suna amsa masa. Satta Massagana na Abyssinians, 1976, mai ɗauke da kalmomin Amhariyanci na Habasha. Two Sevens Clash na Culture, 1977, daga gidan Joe Gibbs, wanda aka gina kan fargabar abin da zai faru ranar 7 ga watan 7 na shekarar 77. Sai Wolf and Leopards na Dennis Brown, shi ma 1977. Daga farkon shekarun 1980, ɗauki Red na Black Uhuru, 1981, da Night Nurse na Gregory Isaacs, 1982.

Kada ka manta da mata, don tarin mutane da yawa babu muryar mace ko ɗaya. Marcia Griffiths da Judy Mowatt, waɗanda tare da Rita Marley suke yi wa Bob amshi, kowacce tana da nata aikin: Naturally na Marcia da Black Woman na Judy.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa ƙarara. Yawancin waɗannan mawaƙa mabiya aƙidar Rasta ne. Za ka ji suna ɗaukaka Sarki Haile Selassie na Habasha, wanda ya ziyarci Jamaika a watan Afrilun 1966, zuwa matsayin da Musulmi ko Kirista ba zai yarda da shi ba, kuma za ka ji yabon tabar wiwi. Gara ka san abin da ake faɗa da ka riƙa rera abin da ba ka fahimta ba. Nemi rubutattun baitocin, ka karanta, ka zaɓi abin da za ka ajiye da idonka a buɗe. Kukan da suke yi kan zalunci da yunwa kuwa, ba ya buƙatar tafinta.

Mataki na biyar: bi kiɗa guda har inda ya kai ka

Wannan dabarar ita ta fi saurin faɗaɗa taska. A Jamaika, kiɗan da ke ƙarƙashin waƙa, wanda suke kira ridim, ba mallakar waƙa ɗaya ba ne. Furodusa zai naɗi kiɗa sau ɗaya, ya ɗora mawaƙa goma a kai, wani furodusan ya sake kaɗa shi bayan shekara goma ya ɗora wasu ashirin. Ƙaramin faifai mai inci 7 shi ne asalin kasuwar, ba babban kundi ba: waƙa a gaba, kiɗan zalla a baya.

Ɗauki Real Rock, wanda makaɗan Studio One suka naɗa a 1967. Saurari asalinsa, sannan Armagideon Time na Willi Williams da aka ɗora a kansa, sannan ka rubuta sunan ridim ɗin a YouTube ka ga yawan waɗanda suka hau shi. Yi haka da Stalag, na gidan Winston Riley daga 1973, wanda Sister Nancy ta yi Bam Bam a kansa a 1982. Duk muryar da ta kama ka a kan kiɗan da ka riga ka sani, rubuta sunanta, ka je ka nemi sauran aikinta. Da ridim uku za ka iya sanin mawaƙa hamsin.

Kiɗan zallan da ke bayan faifan nan kuma shi ya haifi abu biyu. Na farko dub. King Tubby, mai gyaran rediyo da amfilifaya a unguwar Waterhouse, ya mayar da teburin haɗa sauti kayan kiɗa: ya cire murya, ya bar bas da ganga, ya jefo guntun kalma ta yi ta amsa-kuwwa har ta ɓace. Fara da King Tubbys Meets Rockers Uptown na 1976, aikinsa da Augustus Pablo. Ga yadda za ka ji daɗinsa sosai: saurari Baby I Love You So ta Jacob Miller, nan take ka bi ta da waƙar da kundin ya ci sunanta, don daga ita aka sassaƙo ta. Haka za ka yi da Marcus Garvey da abokinsa Garvey's Ghost. Dub ba ya shiga a ji na farko ga kowa. Ka ba shi dare uku.

Na biyu shi ne masu magana a kan kiɗa. U-Roy ya hau tsofaffin kiɗan Treasure Isle a 1970 yana zuba zance da kirari, sai waƙoƙinsa uku suka riƙe saman jadawalin Jamaika a lokaci guda. Big Youth da I-Roy suka biyo baya. Mai kunnen da ya saba da kirari da zuga ba zai ji wannan salo baƙo ba.

Mataki na shida: gaba da baya

Baya tukuna. Ska ya tashi daidai lokacin da Jamaika ta sami 'yancin kai a 1962, kuma tarin Skatalites guda da na Prince Buster guda sun ishe ka farawa. Kundin waƙoƙin fim ɗin The Harder They Come na 1972 zai ba ka Jimmy Cliff, Toots and the Maytals da Desmond Dekker a wuri ɗaya. Idan kana son taswirar tafiyar gaba ɗaya, akwai Tougher Than Tough, faya-fayan CD huɗu da aka fitar a 1993.

Ingila tana da nata reshen, na 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura daga tsibiran: Handsworth Revolution na Steel Pulse daga Birmingham, 1978, da Forces of Victory na Linton Kwesi Johnson, 1979, mai karanta waƙar baka a kan kiɗan Dennis Bovell.

Gaba kuma, 1985 ce mararraba. A shekarar Wayne Smith da Prince Jammy suka fitar da Under Mi Sleng Teng, wanda kiɗansa ya fito daga ɗan ƙaramin madannin Casio. Daga nan kwamfuta ta karɓe aikin makaɗa da yawa, sabon salon da ake kira dancehall ya mamaye. Akwai batsa da yabon bindiga a wani ɓangare nasa, kuma ni ba na ajiye waɗannan. Amma kada ka rufe ƙofa a 1985 kamar yadda wasu tsofaffin masoya suke yi, don za ka yi asarar Garnett Silk, da 'Til Shiloh na Buju Banton da Where There Is Life na Luciano, duka a 1995, da muryar Beres Hammond. Na kusa-kusa, Chronology na Chronixx, 2017, da Rapture na Koffee, wadda a 2020 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Grammy ta kundin rege.

Mataki na bakwai: dawo gida Afirka

Wannan sashe ya fi kusa da mu, kuma shi aka fi sakaci da shi. Lucky Dube ya fara ne da kiɗan mbaƙanga na Zulu, kuma gwamnatin wariyar launin fata ta haramta kundin rege nasa na farko. Maimakon tarin zaɓaɓɓu, nemi Slave na 1987 da Prisoner na 1989 cikakku. Alpha Blondy na Kwaddibuwa ya naɗi Jerusalem a 1986 tare da makaɗan Wailers a Kingston, yana waƙa da Julanci, Faransanci da Turanci. Ɗan ƙasarsu Tiken Jah Fakoly ya fi shi zafin harshe kan shugabanni, ka ji Françafrique na 2002.

A Najeriya, ƙarshen shekarun 1980 zamanin rege ne sosai: Prisoner of Conscience na Majek Fashek, Under Pressure na Ras Kimono, Crisis na Mandators, da Evi-Edna Ogholi mai waƙa da harshen Isoko. Kafin su akwai Sonny Okosun da Fire in Soweto. Waɗannan su ya kamata ka fi gaggawar nema a faifai ko kaset na asali, domin ba duka aka sake bugawa da kyau ba, kuma abin da ke yawo a intanet sau da yawa daga gajiyayyen kaset aka kwafo shi. Tambayi iyaye da kawunnai. Akwatin da ke ƙarƙashin gado a gidan wani dattijo a Jos ko Kaduna yana iya ɗauke da abin da ba ya cikin kowace manhaja.

Mataki na takwas: saye da adanawa

Yi amfani da Spotify, Boomplay, Audiomack ko YouTube wajen ɗanɗano, amma abin da ka so ƙwarai ka mallake shi, don waƙa takan ɓace daga manhaja idan rigimar haƙƙin mallaka ta taso, kuma tsohon rege cike yake da irin wannan rigima. Wajen saye, sunan kamfanin da ya sake bugawa shi ne jingina: Blood and Fire, Pressure Sounds, Soul Jazz, Greensleeves, VP da Trojan. Akwatunan Trojan masu CD uku da waƙa 50 hanya ce mai araha ta sanin salo guda. Ka guji tarin da babu shekara, babu sunan furodusa, sai hoton zaki da launin ja, rawaya da kore. Sau da yawa sabon naɗi ne na tsohuwar waƙa, ko kwafi marar inganci. A shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp kuɗinka ya fi isa hannun masu aikin.

Idan fayil ne, kada ya gaza MP3 mai ingancin 320 kbps, in da hali FLAC, wato fayil ɗin da ba a rage masa ingancin sauti ba, saboda matsewar da ta yi yawa tana cinye armashin kiɗan. Ajiye kwafi biyu a wurare daban, katin waya shi kaɗai ba ma'aji ba ne.

Idan faifan garmaho ne, duba shi a haske kafin ka biya, ka ɗora shi a tafin hannu ka ga ko ya lanƙwashe. Bugun Jamaika na shekarun 1970 yakan zo da ƙara-ƙara tun yana sabo, don haka ɗan shuu ba aibi ba ne, tsalle ne aibi. Ƙananan faya-fayan suna da babban rami a tsakiya, sai ka nemi ɗan zoben da ake sawa. A jera su a tsaye, kada a kwantar da su a ɗora wani kan wani. Zafin bazara yana lanƙwasa faifan da aka bari a mota ko kusa da taga cikin yini guda, ƙurar hunturu kuma tana cin allura da ramin faifan tare, don haka a rufe su cikin rigarsu, a goge da ƙyalle mai laushi kafin a kunna. Kaset kuwa, ranar da ya shigo hannunka ka juye shi zuwa kwamfuta, ka rubuta shekara da sunan kamfanin da ke jikin kwalinsa kafin rubutun ya goge.